Daga Ushuwaya Zuwa Loko: Abin Da Ya Hana Jiragen Shaƙatawa Hawa Binuwai

Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, wato tafiyar da fasinja ke biyan kuɗin ɗaki da abinci da nishaɗi a dunƙule, ya kwana a jirgi ya tashi a jirgi, ana yada zango da shi a garuruwan bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya, yana cikin sassan harkar yawon buɗe ido da suka fi haɓaka a wannan zamani. Kafin annobar korona ta ɗaure jiragen a tashoshinsu a shekarar 2020, masu irin wannan tafiya sun kusa miliyan 30 a shekara, kuma zuwa 2023 adadin ya dawo har ya haura na da.

Mafi yawan jiragen tsibiran Karebiyan suke kewayawa da gaɓar Bahar Rum, amma akwai wani rukuni na matafiya, galibinsu dattawa masu abin hannu daga Amurka da Turai da Sin, waɗanda nisan wuri da wahalar isa gare shi ne abin da ke jan hankalinsu. Sha'awar waɗannan mutane ce ta raya wasu garuruwan tashar ruwa na Kudancin Amurka, waɗanda shekara ɗari da suka wuce kowa ya ɗauka kasuwarsu ta watse ke nan.

Batun ya shafi garin Lafiya, ko da yake ba ya bakin teku. Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Filato a 1996 aka sa hedikwatarta a Lafiya, dogon sashe na iyakarta ta kudu yana kan kogin Binuwai ne, kuma a wannan gaɓa akwai garuruwa irin su Umaisha da Loko da Tunga. Tarihin Loko musamman ya yi kama da na waɗancan garuruwa masu nisa, sai dai can tsohuwar tasha ta koma hanyar samun abinci, nan kuwa ta zama wurin da mota ke ratsawa ta kan gada ba tare da ta tsaya ba.

Wuni guda a ƙurewar duniya

Ushuwaya gari ne na ƙasar Ajantina, a kan tsibirin da ke can ƙurewar kudancin nahiyar, yana zaune tsakanin duwatsu masu dusar ƙanƙara da wani mashigin teku da ake kira Bigul. An kafa shi a 1884, kuma abin da aka fara saninsa da shi gidan yari ne, domin hukumomin ƙasar sun ga cewa wurin da sanyi da teku suka yi wa ƙawanya ba ya bukatar doguwar katanga. Fursunoni ne suka riƙa saran dazuzzukan da ke kewaye, suna jigilar itacen a kan wani ɗan siririn layin dogo, har aka rufe gidan yarin a 1947. A yau mazauna garin sun kai wajen dubu 80, kuma daga tasharsa ce mafi yawan jiragen da ke kai baƙi yankin Antatika suke tashi, tafiyar kusan kilomita dubu ɗaya a kan teku mai tsananin igiyar ruwa.

Kakar baƙi tana farawa wajajen Oktoba ta ƙare a Maris, lokacin da sanyi ke sassautawa a can, rana kuma a watan Disamba ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma na dare. Jirgi ya kan iso da sassafe ya ɗaure a tashar da ke tsakiyar gari, kuma kafin fasinjoji su gama karin kumallo motocin safa sun jeru a bakin ƙofa, kowace da lambarta da jagoranta. Wasu a kai su gandun daji a cikin jirgin ƙasan fursunonin nan, wanda aka farfaɗo da shi a 1994 domin baƙi kawai. Wasu su shiga ƙananan jiragen ruwa su je kallon tsuntsayen teku da wata tsohuwar hasumiyar fitila da ke kan tsibirin dutse. Wasu kuma su tsaya cikin gari, su zaga ɗakunan kurkukun da aka mayar gidan tarihi, su ci katuwar ƙaguwar teku da yankin ya yi suna da ita, su sayi tsaraba a babban titin kasuwa. Kafin dare an busa ƙaho, kowa ya koma ɗakinsa, jirgi ya ja.

Irin wannan baƙo bai kwana a masaukin garin ba, amma a cikin 'yan awoyin nan ya biya direba da jagora da mai sayar da tikiti da mai shago. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kusan duk abin da aka nuna masa, a da abin kunyar garin ne: nisa, da sanyi, da gidan yari.

Garuruwan da hanya ta kauce wa

Punta Arenas, a ƙasar Chile, an kafa ta a 1848 a bakin mashigin Majelan, inda jiragen da ke zirga-zirga tsakanin tekun Atlantika da na Fasifik suke tsayawa su ɗauki kwal da ruwan sha da abinci. Da aka buɗe mashigin Panama a 1914, aka daina bukatar kewaye nahiyar gaba ɗaya, sai cinikin tashar ya ja baya ƙwarai, ulun tumaki ya ci gaba da riƙe garin. Yanzu jiragen shaƙatawa suna tsayawa a can domin baƙi su ga manyan gidajen attajiran ulu na da, su kuma tsallaka tsibirin Magdalena inda dubban fengwin ke ƙyanƙyasa, wato wani tsuntsun teku da ba ya tashi sama, yana tafiya a tsaye kamar mutum.

Waɗanda suka fi kusa da halin Binuwai su ne biranen kogin Amazon guda biyu, Manawus a Barazil da Ikitos a Peru. Dukansu danko ne ya ɗaga su a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da masana'antun Turai da Amurka ke neman roba ido rufe, har attajiran Manawus suka gina katafaren gidan wasan kwaikwayo a tsakiyar daji, aka buɗe shi a 1896. Amma tun 1876 wani Bature ɗan Ingila, Henry Wickham, ya kwashi irin bishiyar danko wajen dubu 70 ya kai ƙasarsu, daga nan aka kafa gonakinta a Malaya da Silon, kuma zuwa wajajen 1912 farashin dankon daji ya karye, biranen biyu suka shiga dogon barci.

Manawus tana nesa da teku da kimanin kilomita 1,500, amma zurfin Amazon ya sa manyan jiragen teku suna isa har can, kuma abin da aka fi kai baƙi su gani shi ne inda baƙin ruwan kogin Negro ya haɗu da ruwan Solimoyis mai launin ƙasa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa na tsawon kilomitoci kafin su gauraya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan dutsen Patti ya dubi inda Neja da Binuwai suka gamu a Lakwaja ya san irin wannan kallo. Ikitos kuwa, mai mutane kusan rabin miliyan, har yau babu hanyar mota da ta haɗa ta da sauran sassan Peru, sai ta ruwa ko ta sama. Daga yankinta ƙananan jirage masu ɗakuna ashirin ko ƙasa da haka suke ɗaukar baƙi kwana uku zuwa mako guda cikin gandun dajin Pakaya-Samiriya, kuma masu harkar sun koyi sayar da kowane yanayi na kogin: idan ruwa ya cika a shiga cikin daji da kwale-kwale, idan ya janye a sauka a taka a kan rairayi.

Tarihin waɗannan wurare ba mai daɗin ji ba ne gaba ɗaya. Wani ɓangare na arzikin dankon Ikitos an tara shi ne da bautar da 'yan asalin yankin Putumayo, kamar yadda binciken Roger Casement na 1910 ya fallasa, kuma mutanen Yagan da Turawa suka tarar a gaɓar Bigul cututtuka da ƙwace ƙasa sun kusa ƙarar da su, har mace ta ƙarshe da ta tashi da harshensu a baki ta rasu a 2022. Gidajen tarihin can sun fara faɗin wannan ɓangare, kuma baƙi ba su gudu ba saboda an faɗa.

Loko, ƙofar ruwa ta ƙasar Hausa

Binuwai ya taso ne daga tsaunukan Adamawa a Kamaru, ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,400 ta Garwa da Yola da Ibi da Makurdi kafin ya faɗa Neja. Turawa sun fara hawansa da jirgi mai tururi sosai a 1854, lokacin da Likita William Baikie ya jagoranci jirgin Pleiad, tafiyar da ta yi suna saboda babu wanda zazzaɓi ya kashe a cikinta, albarkacin shan kwini a kai a kai. Daga wannan lokaci kogin ya zama hanyar shiga Arewa daga teku.

Muhimmancin Loko ya samo asali ne daga inda take zaune. Tana gaɓar arewa ta kogin, a ƙarƙashin masarautar Nasarawa, kuma daga nan ne hanyar fatake ta miƙe ta Nasarawa da Keffi zuwa Zazzau da Kano. Da yake masarautun Keffi da Nasarawa suna ƙarƙashin Zazzau a tsarin daular Usmaniyya, wanda ya sauka a Loko ya riga ya taka ƙasar Sarkin Musulmi, kuma Hausa ce harshen ciniki tun daga bakin ruwa. Fatake kan sauko da tufafin Kano da fatu da kanwa da hauren giwa, su koma da gishirin Turai da yadudduka da sauran kayan kanti da jirage suka kawo.

Matafiya da dama waɗanda littattafansu suka zama madogara ga masu nazarin tarihin Arewa ta wannan yanki suka bi. Bajamushe Gerhard Rohlfs, wanda ya ƙetare Sahara ya zauna a Kukawa, ya biyo ta Bauchi da Keffi a 1867 ya shiga kwale-kwale a Binuwai zuwa Lakwaja. A 1885 Paul Staudinger da abokin tafiyarsa Ernst Hartert sun tashi daga Loko ɗauke da kyaututtukan Sarkin Jamus zuwa ga Sarkin Musulmi da Sarkin Gwandu, suka ratsa Zariya da Kano. A 1894 Charles Robinson, wanda daga baya ya wallafa ƙamus na Hausa da Ingilishi, shi ma daga Loko ya kama hanyar Kano. Kamfanin Neja, wanda gwamnatin Ingila ta ba izinin mulki da ciniki a 1886, yana da kanti a garin.

Lokacin da tashar ta fi cin kasuwa shi ne farkon ƙarni na 20, sa'ad da Turawa suka fara haƙar kuza a tsaunukan Jos alhali babu layin dogo ko hanyar mota. Kuzar da aka wanke a Naraguta a kan 'yan alaro take saukowa, wato masu ɗaukar kaya a ka don lada, kowane mutum da kaya mai nauyin kusan kilo 27, su yi tafiyar kimanin kilomita 300 ta Keffi zuwa Loko, a zuba a jirgi, su kuma koma da injuna da aka kwance gunduwa-gunduwa da kayan masarufin Turawa. Wannan aiki ya ci ƙarfin dubban mutane, wasu da son ransu, wasu tilas aka yi musu ta hannun sarakuna. Haka nan kafin zuwan Turawa gaɓar ta sha hare-haren kamen bayi daga masarautun da ke arewa da ita, abin da al'ummomin yankin irin su Basa da Afo da Agatu ba su manta ba. Duk wanda zai ba da labarin Loko ga baƙi, idan ya tsallake wannan, rabin labari ya bayar.

Dogo ya ɗaga Lafiya, ya ajiye bakin ruwa

Abin da mashigin Panama ya yi wa Punta Arenas shi layin dogo ya yi wa Loko, kuma kusan a shekara guda. Jirgin ƙasa ya isa Kano daga Baro da ke bakin Neja a 1911, sannan wajajen 1914 ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya isa yankin Jos, kuza ta daina saukowa a ka. A shekarun 1920 layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya ratso ta Makurdi da Lafiya zuwa Kafanchan, aka kammala gadar Makurdi a 1932, kayan da a da sai sun jira ruwa ya cika suka samu hanyar da ba ruwanta da damina ko rani.

Lafiya, wadda Barebari ƙarƙashin Muhammadu Dunama suka kafa a ƙarshen ƙarni na 18, kuma ta kasance tana biyayya ga Bauchi, ita ce ta ci gajiyar wannan sauyi. Tashar jirgin ƙasa, da kuma babbar hanyar mota da ta biyo baya, suka mayar da ita matattarar doya da riɗi da shinkafa da agushi. Har yau abin da ya shafi sufuri a jihar tudu yake kallo: an mayar da hanyar Keffi zuwa Akwanga da Lafiya da Makurdi tagwaye, an buɗe filin jirgin sama kusa da Lafiya a 2022, sannan a 2023 aka ƙaddamar da gadar Loko zuwa Oweto mai tsawon kimanin kilomita biyu, wadda ta rage wa matafiya nisa tsakanin Abuja da Kudu maso Gabas. Gadar alheri ce ga jama'a, amma kamar kowace gada ta rage wa masu fito abin yi, wato masu tsallakar da mutane da kaya a jirgi.

Kogin da ba ya zama a hali guda

A nan ne gizo ke saƙa. Amazon yana ɗaukar jirgin teku duk shekara, in ban da shekarun fari irin 2023 da 2024 da ruwan Manawus ya yi ƙasan da ba a taɓa aunawa ba. Binuwai kuwa kogi ne na damina. Daga wajajen Yuli zuwa Oktoba yana cika ya tumbatsa, kuma a wannan ɗan tsakani ne jiragen kamfanoni a zamanin Turawa suke rige-rigen kai kaya Yola da Garwa su juyo kafin ruwa ya gudu ya bar su. Da rani ya shiga sai tsibiran yashi su fito, hanyar ruwa ta rarrabu, wani wurin ma mutum ya ratsa da ƙafa. Zaizayar ƙasa daga gonaki da sare itatuwan gaɓa sun ƙara cika cikin kogin da yashi.

Madatsar Lagdo da Kamaru ta kammala a 1982 ta ƙara rikita lissafin, domin idan aka saki ruwanta a ƙarshen damina ana samun ambaliya a ƙasa da ita, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, lokacin da garuruwan gaɓar Nasarawa suka sha ruwa. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa domin ta tare wannan ruwa ta daidaita gudunsa, har yanzu ba ta tabbata ba. Ga mai tunanin yawon buɗe ido wannan na nufin lokacin da kogin ya fi ɗaukar jirgi shi ne lokacin ruwan sama da sauro da fargabar ambaliya, lokacin da baƙi suka fi son tafiya kuwa, wato hunturu, ruwa ya fara janyewa.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, ita ke da alhakin yashe koguna da sa alamomin hanya da kula da lafiyar jirage. An ƙaddamar da aikin yashe Neja daga Warri zuwa Baro a 2009, an kuma buɗe sabuwar tashar Baro a 2019, amma tashar ba ta samu zirga-zirgar da aka yi tsammani ba, musamman saboda rashin kyakkyawar hanyar da za ta kai kaya gare ta. Yashe Binuwai kuwa an daɗe ana alkawarinsa.

Sai batun lafiyar fasinja. Jirgin da talaka ke shiga ranar kasuwa a gaɓar Binuwai na katako ne mai inji a baya, ana fara jera buhunan shinkafa da tulin doya a ƙasa, a kwantar da babura a kai, mata da yara su zauna a kan kayan, yaron jirgi kuma yana tsugune a tsakiya yana kwarfe ruwan da ke shigowa ta tsakanin katakai. Matuƙin ya san kogin ƙwarai, yana gane inda yashi ya taso daga launin ruwa da yadda yake murɗawa, amma sau da yawa babu rigar ruwa, babu rubutaccen sunan waɗanda suka shiga, kuma ana tafiyar dare ba fitila. Hatsarin da ya ci mutane fiye da ɗari a yankin Patigi na Jihar Kwara a watan Yunin 2023, suna dawowa daga biki, ya nuna inda wannan sakaci ke kaiwa. Babu kamfanin inshorar da zai tsaya wa jirgin baƙi a kan ruwan da ba a auna zurfinsa ba, ba a kuma san wanda zai kawo ɗauki idan an kife ba.

Abin gani da masu cin riba

Ta fuskar abin da za a nuna wa baƙo, yankin ba shi da talauci. Akwai gishirin gargajiya na Keana da Awe, inda mata ke tace ƙasa mai gishiri su dafa ruwan har ya daskare, sana'ar da ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Akwai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Akiri da tafkin Hunki a ƙaramar hukumar Awe, waɗanda ake zuwa daga Lafiya ta hanyar Obi, da bikin kamun kifi na Nwonyo a Ibi, can tsallaken kogi a Taraba. A cikin ruwan kansa akwai dorina da ayu, ko da yake farauta ta rage su, ga kuma zangon masunta Hausawa da Jukunawa da Nufawa a kan tsibirai, kowane da Sarkin Ruwansa. Daga tudu ana iya haɗa tafiyar da Farin Ruwa a Wamba, inda ruwa ke zubowa daga tsayin kimanin mita 150.

Masu goyon bayan a zuba jari a wannan fanni suna kafa hujja da kusancin Abuja, inda ake da ma'aikatan ofisoshin jakadanci da 'yan kasuwa da iyalai masu neman inda za su kai yara hutu, kuma gadar Loko ta sa bakin kogin ya matso kusa da su. Suna ganin ba sai an jira Bature daga ƙetare ba.

Masu ɗari-ɗari da batun suna da hujjoji uku masu nauyi. Ta farko ita ce tsaro, domin rikicin manoma da makiyaya ya sha ɓarkewa a ƙananan hukumomin kudancin jihar da kuma ƙasar Agatu a tsallake, ga satar mutane a kan hanyoyi. Misalin Mali yana nan kusa: jiragen fasinja da suka daɗe suna bin Neja daga Kulikoro zuwa Tambutu da Gawo sun kasance abin sha'awar baƙi, har tashin hankalin arewacin ƙasar ya kori baƙin, kuma a Satumban 2023 aka kai wa ɗaya daga cikin jiragen hari aka kashe mutane da dama. Ta biyu ita ce inda kuɗin ke zuwa, domin ko a Kudancin Amurka kaso mafi tsoka yana komawa ne ga kamfanin jirgin, wanda shi ke sayar da tikitin zagayen gari yana cire nasa kafin mai mota da jagora su samu. Ta uku ta shafi al'ada, domin manyan jiragen shaƙatawa sun dogara ƙwarai da cinikin giya da caca, abin da al'ummomin Musulmi na gaɓar ba za su yi maraba da shi ba, kuma masunta suna da haƙƙin tambayar wanda zai biya su idan farfelar jirgi ta yaga musu raga. Hujja ta biyu da ta uku sun fi shafar manyan jirage, waɗanda dama Binuwai ba zai taɓa ɗauka ba. Ta farko ce ba ta da amsa a hannun 'yan kasuwa.

Misali daga kogin Senegal

Abin da ya fi dacewa a duba yana nan cikin Afirka ta Yamma. A kan kogin Senegal akwai wani jirgi mai suna Bou el Mogdad, wanda aka ƙera a Holan wajajen 1950 domin jigilar fasinja da wasiƙu da kaya tsakanin San Luwi da garuruwan cikin ƙasa. Shi ma hanyar mota ta ƙwace masa ciniki, daga baya ya bar kogin, sai a 2005 aka dawo da shi aka gyara ɗakunansa domin baƙi. Yana ɗaukar mutane 'yan gommai kawai, yana tafiyar kusan mako guda tsakanin San Luwi da Podor, yana tsayawa a Rishar-Tol da Dagana, tsofaffin tashoshin cinikin ƙaro, inda baƙi ke sauka su shiga kasuwa su ga tsofaffin kantuna da ganuwar Faransawa. Wannan shi ne gwargwadon abin da Umaisha da Loko da Tunga za su iya ɗauka.

Sai dai akwai bambanci guda da bai kamata a rufe ido a kansa ba: madatsar Diyama da aka gina kusa da bakin kogin Senegal a 1986, tare da ta Manantali a Mali, suna riƙe ruwan a matsayin da jirgi zai iya bi mafi yawan shekara. Binuwai ba shi da irin wannan, don haka jirgin da zai yi aiki a kansa dole ya zama mai shimfiɗaɗɗen gindi wanda ba ya nitsa sosai, kakarsa kuma gajeriya ce, daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu, sauran shekara ya koma jigilar fasinja da amfanin gona. Manyan gonakin da ke kusa da kogin, irin na shinkafa na Olam a Rukubi cikin ƙaramar hukumar Doma da na rake na Dangote a Tunga, su ne za su iya ba da nauyin kayan da zai sa yashe hanya ya biya kuɗinsa, domin baƙi kaɗai ba za su biya ba.

Ta fuskar doka, hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a Janairun 2024 a shari'ar NIWA da Jihar Legas ya tabbatar da cewa ikon hanyoyin ruwa na ƙasa yana hannun gwamnatin tarayya, wadda tun 2023 take da ma'aikata ta musamman kan harkokin teku da tattalin arzikin ruwa. Ke nan yashe Binuwai da sa masa alamomi da ba jirage lasisi ba aikin gwamnatin da ke Lafiya ba ne. Abin da ke hannunta shi ne hanyoyin da ke kaiwa bakin ruwa daga Doma da Awe da Toto, da tsaron garuruwan gaɓa, da raba rigunan ruwa ga masu fito, da tattara tarihin Loko daga bakin dattawan garin da kuma takardun lardi da ke ajiye a ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna.